Abin da Na Ɗaure a Lalita

Talata, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

Na dawo daga asibiti. Salomi maƙwabciyata ce ta kai ni, ta zauna a mota tana cin gyaɗa kamar mai jiran lodi a tasha. Likitar yarinya ce ƙarama, hannunta sanyi ƙalau. Ta juyo mini da kwamfuta, ta zagaye wani wuri da bik ɗinta na rubutu, ta ce na gani? Na ce na gani. Ban ga komai ba sai fari da baƙi, irin na talabijin ɗinmu ta Maradi in hadari ya taso.

Aiki za a yi, gefen hagu, a watan gobe. Bayan aikin akwai wata doguwar hanya da ta faɗi sunanta, ni ba zan rubuta shi a nan ba. Sai ta ajiye bik ɗin ta ce, "Wa zai zauna da ke a gida? Ba maganar kwana biyu ba ce, watanni ne." Na ce akwai mutane. Ta ce, "Suna?" Tambayar 'yan duwan, kwastan ɗin kan iyaka, sak. Na ce zan kawo mata.

Sai da muka wuce Elm Street Salomi ta buɗe baki.

"Anti Fassouma, me suka ce?"

"Sun ce in rage gishiri."

"Anti."

"Dubi titi, Salomi, kar ki kashe ni kafin lokacina."

A gidan tsofaffi take aiki, ta sha ganin irin takardar da ke hannuna. 

Akwai mutane. Boukari mijina, Allah ya ji ƙansa. Faïçal yana kan babbar mota, yau Texas gobe Ohio, kuma ɗa namiji ba ya yi wa uwarsa wanka. Saura mutum ɗaya.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da azahar

Aiki gidan Madam, tsohuwar da nake kula da ita a Irving Park. Na ɗaga ta daga gado da hannun dama kaɗai, ta ce yau riƙon buhun dankali na yi mata. Ɗiyarta ta zo, ta rungume ta, ta ce tana son ta, ta sake cewa tana son ta, ta duba agogo ta tafi. Ni na wanke tsohuwar.

Ina wanke-wanke ina tunanin Mai tsuntsaye, ɗiyata ta fari. Ta yi karatun tsuntsaye a jami'ar nan ta bayan layinmu har aka ce ta zama dakta, daktan da ba ya duba mutum. Yanzu tana wasu tsibirai can tsakiyar teku, Galapagos, tana leƙa sheƙa tana ƙirga ƙwai. Da bazara ta kira ni tana murna, wai wani jirgin ruwa mai yawo da masu buɗe ido ya gayyace ta ta yi sati guda tana yi musu bayanin tsuntsaye, an ba ta gadon baƙo ɗaya, ni take so in zo. Na yi dariya. Na ce in ƙetare duniya don in ga ƙadangare? A Maradi bisa katanga suke, suna gyaɗa maka kai kyauta. Ta ce, "Okay, Mama." 

Asabar, 11 ga Oktoba, da safe

Na kira ta. Na ce gadon nan yana nan ko an ba wani? Ta ce yana nan. Na ce to tunda ba kowa, kar ya tafi a banza. Ta yi ihu har na janye wayar daga kunnena. Farkon Nuwamba ne tafiyar.

Sauran maganar ban faɗa ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da yamma

Salomi ta shigo da kayan coci a jikinta, ɗaurin kai kamar rumfar mai tumatir. Ta kawo mini faten acca, ta zauna ba a ce ta zauna ba.

"Kin faɗa wa Malika?"

Haka take kiran sunan gatsal, kamar tana kiran kaza.

"Zan je in gan ta."

"Za ki shiga jirgi uku don ki faɗi maganar da waya za ta ɗauka? Anti, ke fa ko sunanta ba kya faɗi."

"Ɗiyar fari ce."

"Kakata ce ta ƙarshe a gidanmu da ta yi wannan kunyar. Yarinyar nan a nan ta girma. Ita gani take ba kya son ta."

Na ce ta tashi ta je ta ba mijinta abinci. Innarmu ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba, amma ranar da mota ta kaɗe shi a hanyar Tibiri ita ta fara faɗuwa sumammiya. Wa zan yi wa wannan bayanin? Da wane yare?

Kuma ba kunyar kaɗai ba ce. Na tashi a kasuwa. Tun ina tallan goro na koyi kar in kalli kayan da nake so, in kalli na kusa da shi, in taɓe baki, in juya kamar zan tafi, har mai kaya ya kira ni. Ban taɓa zuwa gaban kowa na ce ina buƙata ba. In ta gan ni da idonta za ta gane, ita za ta ce, Mama zan dawo. Ni kuwa in ce a'a, kar ki bar aikinki. Ta nace. In yarda. Haka ake yi.

Laraba, 15 ga Oktoba, da hantsi

Bas ya makara a tasha, na tsaya cikin sanyi har ƙafata ta mutu. Ganye ya fara zuba. Na gaji.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan masallaci

Hajiya Huseina ta ja ni gefe a filin ajiye motoci. Ban faɗa mata komai ba, amma ta ga yadda na daina rataya jaka a kafaɗar hagu, kuma ita ta yi jinyar ƙanwarta. Ta cusa mini ƙullin leda a hannu. Sassaƙe ne, jajaye-jajaye, daga wani mai magani a Tessaoua, wani ɗan garinmu ya taho da shi.

"Ki dafa, ki sha da safe kafin ki ci komai. Kar ki tsallake rana ko ɗaya, in kin tsallake kin koma farko."

"Hajiya, ni fa na yi lakwal, na yi boko."

"Lakwal ɗin ta hana ki ciwo? Karɓi."

Na karɓa. Ban yarda da shi ba, ban kuma ƙi shi ba.

Asabar, 18 ga Oktoba, da asuba

Ɗaci kamar maɗaci ya yi fushi. Na shanye.

Litinin, 20 ga Oktoba, da yamma

Daga asibiti suka kira, wata mai murya kamar zuma. Sun sa randebu, ranar aikin, Talata ta uku a Nuwamba. Tana son sunan wanda zai ɗauke ni ya kuma zauna da ni. Na ce ina nan ina shiryawa. Ta ce ba damuwa, in babu kowa akwai gidajen jinya masu kyau da za a kai ni in kwanta.

Na san gidajen. Na sha kai wa Salomi abinci wurin aikinta. Na ga tsofaffi jere a kujerun turawa suna kallon talabijin da ba a kunna ba. Wata baƙar mace ta riƙe mini zani ta kira ni da sunan ɗiyarta.

Na ce wa mai muryar zuma ta ba ni zuwa farkon wata.

Laraba, 22 ga Oktoba, da azahar

Saƙon murya daga Mai tsuntsaye, dogo, rabi Hausa rabi Turanci. Kar in taho da nama. Kar in taho da goro, ko gyaɗa, ko dabino, ko ganye, ko itace, ko wani abu mai tsiro. In wanke ƙasan takalmina da buroshi. Wai tsibirin ba ya son baƙon abu, ƙwaro ɗaya in ya shiga sai ya cinye musu tsuntsaye. Ta ƙare da cewa, "Mama, da gaske nake. Na san ki. Baƙuwata ce ke, sunana ne a kan takardarki."

Ta san ni. Wala, ga shi nan.

Na yi shekaru ina safara tsakanin Maradi da Jibiya kafin Boukari ya ci cacar katin zaman ƙasar nan ya kawo mu. Atamfa na ɗaura a ciki an ce mini Allah ya sauke ki lafiya. Sirrin ɗan duwan ɗaya ne: kar ka zo masa da hannu wanke, sai ya yi ta tono. Ka ba shi abin da zai kama. Ya kama, ka yi ɗan kuka, ya ji ya yi aiki, ya ce wuce. Babban kayan yana jikinka.

Sassaƙen zai shiga lalita, lalita ta shiga ƙugu, zani ya hau.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da la'asar

Labari ya zaga. Hajiya Huseina ce, bakinta ba ya riƙe ruwa. Ba labarin ciwon ba, wannan ta riƙe, Allah ya saka mata. Labarin tafiyar. Mata sun yi ta sallama da ƙulle-ƙulle: kilishi, dakkuwa, yaji, garin kuka, tukuɗi a roba. "A kai wa ɗiyarmu, an ce can ba abinci sai kifi." Na ce an hana shiga da abinci. Suka yi dariya, suka ce ke Fassouma? Matafiyi ba ya fita ba guzuri, ban iya mayar wa kowa nasa ba. Kuma dama ina neman abin da za a kama.

Ɗaya ta tambaye ni ko akwai masallaci a can. Wata ta ce in duba mata ko ana sayen turaren wuta.

Da suka watse na zauna bakin gado ban iya cire ɗankwali ba. Na daɗe a haka.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Ban tashi ba yau.

Talata, 28 ga Oktoba, da yamma

Mai tsuntsaye ce ta kira, da hoto, don na aika mata cewa akwai magana. Ta yi baƙi, ta rame, gashin nan ko kitso babu. Bayanta teku. Na shirya maganar tun safe, na ma gwada ta a gaban madubi, kalma huɗu ko biyar ce.

"Mama, kin rame."

"Madam ce ke ƙara nauyi."

Ga ƙofa ta buɗe, sai in shiga. Sai ta hau ba ni labarin wani ƙuda da ya shigo musu cikin kaya tun da daɗewa, yana ƙwai a sheƙa, tsutsarsa na shan jinin 'ya'yan tsuntsu har su mutu. Ta yi shekaru tana gwada wani magani da ake sa wa audugar da tsuntsaye ke ɗauka su yi sheƙa. Baɗi ne za a ga ko ya yi. Daga Janairu zuwa Afrilu ko atishawa ba za ta yi ba a wajen tsibirin. Tana magana idonta na ƙyalli kamar ranar da na saya mata keke.

Daga Janairu zuwa Afrilu. Daidai doguwar hanyar tawa.

Ta ce, "Kin ce akwai magana?" Na ce takalmi wane iri zan taho da shi.

Ban faɗa ba.

Laraba, 29 ga Oktoba, da safe

Na sha. Ɗacin ya daina damuna. In na sha ina jin na yi wani abu da hannuna, ba zaman jiran ranar Talata kawai ba.

Juma'a, 31 ga Oktoba, kafin magariba

Yau ranar da yaran unguwa ke shigar aljanu. 'Yan jami'ar da ke haya a gaban gidanmu sun zaunar da ƙwarangwal a kujera a bakin ƙofa, sun sa masa hula, tun farkon wata yake kallona in zan fita aiki. Yau na ce masa sannu da jira.

Salomi ta taya ni ɗaure akwati. Ta ga kilishi a sama-sama, ta dube ni.

"Ba an hana ba?"

"An hana."

"Allah ya shirye ki, Anti. In kin dawo ba ki faɗa mata ba, ni zan kira ta, ki yi fushi da ni har Kirsimeti."

Na wanke ƙasan takalmi da buroshi. Wannan ɗaya na yi biyayya.

Asabar, 1 ga Nuwamba, bayan isha, otel a Guayaquil

Greensboro, Miami, nan. Ƙafafuna sun kumbura. Zafi da laima kamar Kwatano. Na roƙi ruwan zafi a ƙasa, na jiƙa sassaƙen gobe a kofi.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da hantsi, cikin jirgin sama

Kafin a hau jirgin tsibiri ana sa akwati a na'ura. Suka buɗe tawa. Wani saurayi mai safar hannu ya ɗaga kilishi kamar ya kama macijiya. Na dafe ƙirji, na ce wayyo, na ce na ɗiyata ne, na nuna masa hotonta. Ya girgiza kai yana ba ni haƙuri da yarensu. Dakkuwa ta bi, tukuɗi ya bi, kuka ta bi. Yaji ya sansana ya yi atishawa har abokansa suka yi dariya, ni ma na yi. Ya ɗaure akwatin da igiyar roba ya ce in wuce.

Lalita na nan a ƙugu. Duwan duk duniya uwarsu ɗaya.

Ba komai a ƙasa sai ruwa. Tun ɗazu ruwa.

Lahadi, da yamma, cikin jirgin ruwa

Zan rubuta yadda ya faru.

Jirgi ya sauka a wani fili ja, busasshe, ƙaya da duwatsu, iska na kaɗawa. Na ƙetare duniya na sauka a hanyar Dakoro. Turawan da ke tare da ni sai ɗaukar hoto suke. A inuwar bango ga wani ƙadangare rawaya, girmansa ya kai kyanwa, ko kallonmu bai yi ba. Wannan kam ba na Maradi ba ne, na yarda.

Aka sa muka taka wata tabarma jiƙaƙƙiya da magani. Aka jera kaya a ƙasa, aka ce kowa ya tsaya baya. Sai ga kare. Baƙi, mai riga, da ma'aikaciya a bayansa. Ya bi akwatuna ɗaya bayan ɗaya, ya wuce tawa ko tsayawa bai yi ba. Na ce alhamdu lillahi. Na ɗauki jaka zan fita, na bi ta gabansa. Ya ɗaga hanci. Ya zo ya zauna a gabana yana kallon ƙuguna.

Na matsa, don kar ya taɓa mini zani. Ya matso. Ban taɓa shirya wa kare ba. Shi ba ya jin ya yi aiki, ba a yi masa kuka, ba a nuna masa hoto.

Matar ta kai ni wani ɗan ɗaki. Turancinta kaɗan, nawa bai shige ta ba, na gwada Faransanci ta ɗaga kafaɗa. Na faɗi sunan jirgin ruwan. Ta fita, ta dawo da Mai tsuntsaye.

Haka muka gana. Ba a bakin ƙofa da furen da na ga ta riƙe ba, a ɗakin bincike, ina kwance lalita.

"Mama! Na ce miki. Na ce miki!"

Matar ta zazzage ƙullin a tire. Ta yi magana.

"Ta ce itace ne, ba ya shiga. Mama, kin san mutanen nan tare muke aiki? Kin san abin da ke iya ɓuya a cikin ɓawon itace?"

"Ki ce mata busasshe ne."

"Ba ya shiga."

"Ki ce ta ɗauki rabi."

"Ba kasuwa ba ce!"

"To ta bar mini guda, kamar ɗan yatsa. Ko ta ba ni ruwan zafi in dafa shi duka a nan in shanye a gabanta, sai ya shiga a cikina, ko cikin ma karen zai hana?"

Ban san muryata ta tashi ba. Ban san na riƙe tiren ba sai da na ga hannuna a kai. Na ji bakina yana cewa na bar musu kilishi a can, na bar dakkuwa, na bar tukuɗi, ban ce uffan ba, wannan ɗaya ne, ba a tsallake rana.

Ta daina faɗa. Ta ajiye furen a kujera.

"Kin bar kilishi ba ciniki?"

Ta ɗauki sassaƙe ɗaya ta sansana.

"Maganin mene ne?"

"Basir."

"Mama."

"Sanyin ƙashi."

Ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi, irin duban da take wa tsuntsayenta ina jin. Na saki tiren. Matar ta juye shi a wata jar leda, ta ɗaure, ta ce wani abu a hankali. Haƙuri take ba ni. Ba ta da laifi.

Muka shiga bas. Turawa na ta nuna abubuwa ta taga.

A bakin ruwa akwai benci na masu jira, amma wata dabbar ruwa ta haye ta kwanta, mai kan kare da jikin ayu, tana minshari. An ce ba a tashin su, nan garinsu ne. Ƙafata na ciwo, na tsaya ina kallon dabba na barci a wurin zamana. Nan na faɗa, ina kallon dabbar.

"Aiki za su yi. Gefen hagu. Talata ta uku."

"Yaushe kika sani?"

"Wata bai cika ba."

"Wa ya sani?"

"Salomi. Da Hajiya Huseina."

"Salomi," in ji ta. Ta maimaita, "Salomi." Sai ta ce, "Bayan aikin fa?"

Na faɗa mata sunan hanyar. Ta rufe ido.

"Wa zai zauna da ke?"

Ga shi nan, yadda na tsara. Na taɓe baki na ce, "Akwai mutane."

Na jira ta ce a'a Mama, ni zan zo. Ta dube ni ta daɗe. Ta ce, "To. Tunda akwai mutane." Ta juya ta tafi taya wani tsoho sa rigar ruwa.

Ƙaramin kwalekwale na roba ya kawo mu babban jirgin. Ita ta ɗaura mini rigar, ta sassauta igiyar gefen hagu. Ɗakinmu ƙarami, gado biyu, taga zagayayya. Yanzu tana sama tana yi wa baƙi bayani, ina jin muryarta ta lasifika, tana ba su dariya. Ban je ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba, da safe

Ba abin sha yau. Na sha shayi.

Ta gaishe ni, ta tambayi kwanan jirgi, ta nuna mini inda alƙibla take a wayarta, ta ce jirgin na juyawa, in duba kafin kowace salla. Maganar jiya ko alama. Idonta a kumbure.

Na gane abin da take yi. Ta taɓe baki ta juya kamar za ta tafi, tana jira mai kaya ya kira ta. A bayana ta koya, tana ƙarama, a kasuwar gwanjo ta ranar Asabar.

Litinin, da la'asar

An sauke mu wani tsibirin. Duwatsu baƙaƙe, wari kamar kasuwar kifi. Tsuntsaye a kan hanya, masu shuɗin ƙafa kamar an tsoma su a baba, ba sa tashi in ka zo, kai ne za ka kewaye. Ɗaya na ɗaga ƙafa yana nuna wa matarsa, ya ɗaga wannan ya ɗaga waccan. Na yi dariya ban shirya ba, ta taɓa mini wurin ciwon.

Ban kai rabin hanya ba numfashi ya ƙare. Na zauna a dutse. Jama'a suka wuce da mai jagora. Ita ta tsaya nesa kaɗan, ta ba ni baya, tana duba wani abu da madubin hangen nesa. Ba abin da take dubawa, ruwa ne kawai a wurin.

Na yi lissafin gidan da Salomi ke aiki. Na yi lissafin tsutsa da sheƙa da shekarunta. Ba ta inda ya fito daidai.

Na ce, "Ke."

Ba ta juyo ba.

"Babu mutane."

Ta sauke madubin.

"Babu kowa. Ki zo ki zauna da ni. Ina so ki zo."

Kamar an zare mini haƙori. Ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, cikin kashin tsuntsu, ta jingina kanta da gwiwata. Ta yi kuka sosai, da Turanci. Wani na kukan nawa ne, wani na tsuntsayenta ne, ba ta ɓoye ba. Ta ce wani ne zai ga ƙarshen aikin, sunansa ne zai hau gaba. Na ce to ki zauna, na janye. Ta ce, "Kar ki fara, Mama. An gama ciniki."

Ban san inda zan sa hannuna ba. Na sa a gashin. Na ce wannan kan rabonsa da kitso tun yaushe? Ta ce in bar ta.

Da muka dawo jirgi ta hau sama inda waya ke kamawa ta kira asibitin da kanta. Ta sauko da sharaɗi. Duk randebu tare za mu shiga. Ita za ta yi wa likita tambaya, ni in yi shiru. Ba gishiri, ba basir, ba akwai mutane. In an tambaye ni ina ke ciwo in nuna wurin.

Ni, Fassouma, in yi shiru.

Na ce to.

Saura kwanaki a ruwan nan, gobe wai kunkuru za mu gani. Jirgi na lilo, cikina na juyawa. Ta ajiye mini bokiti a gefen dama.